Mun Je Tafkin Malawi Mu Koyo Wane Kifi Zai Zauna Da Wane

Masu karatu, kafin mu kai ku bakin tafki bari mu faɗa muku abin da ya kai mu can. A ɗakin yara na asibitin da muke aiki, mu biyu miji da mata, akwai wani babban akwatin gilashi na kifi. Tsawonsa ƙafa shida ne, yana cin ruwa wajen lita 450. Matan zumunta ne suka tara kuɗi suka saya, domin yaran da sukan kwanta makonni da yawa su sami abin kallo. Mu aka ba amanar zaɓen kifin.

Muka shiga birni muka zaɓa da ido. Duk wanda launinsa ya burge mu sai mu ce a kama mana. Muka komo da kifin zinariya biyu, da ƙananan oska biyu, da tetra goma sha biyu, da anjel huɗu masu dogayen fiffike, da waɗansu shida masu ratsin baƙi da rawaya waɗanda mai sayarwa ya ce asalinsu daga Tafkin Malawi ne. Muka zuba su duka rana ɗaya, yara suna ta tafi.

Ba a yi wata biyu ba akwatin ya zama fagen yaƙi. Tetra suka riƙa ɓacewa ɗaya ɗaya. Fiffiken anjel suka yayyage. Kifin zinariya suka daina cin abinci, suka mutu. Akwai wata yarinya da ƙafarta take cikin filasta, wadda takan ƙirga kifin kowace safiya, ta kuma sa wa kowane suna. Ran nan ta ce, "Baba, ina Jan Wutsiya ya tafi?" Muka rasa abin da za mu ce mata, gama mun san yana cikin cikin oska.

Ana nan sai aka aike mu wani taron ma'aikatan asibitocin ekklesiya a Lilongwe, babban birnin ƙasar Malawi. Muka ce ashe gidan mafaɗatan nan namu za mu. Muka roƙi kwana huɗu bayan taro domin mu je mu ga yadda suke zama a inda Allah ya ajiye su. Gani ya kori ji.

HANYAR SALIMA

Wani fasto na can ya ɗauke mu a motarsa. A harshen Ciicewa ana ce wa fasto Abusa, haka muka riƙa kiransa, shi kuma yana ce mana Abambo da Amayi, watau Baba da Mama. Watan Satumba ne, rani ya yi nisa a ƙasarsu, ciyawa ta bushe. Lilongwe a kan tudu take, akwai sanyi da safe. Da muka miƙe gabas wajen kilomita 100 zuwa Salima, hanya ta yi ta gangarawa, zafi yana ƙaruwa, itatuwan kuka suka fara bayyana. Sai ka ce ƙasar gida muke ratsawa.

Da muka wuce Salima kaɗan muka iso Senga, muka ga ruwa. Ba mu taɓa ganin tafki irin wannan ba. Raƙuman ruwa suna bugun yashi kamar na teku, amma ruwan daɗi ne, babu gishiri. Tsawonsa ya fi kilomita 550, faɗinsa a wani wuri ya kai 75, zurfinsa kuwa wajen mita 700. Shi ne na uku wajen girma a Afirka, bayan Biktoriya da Tanganyika. Ƙasashe uku ne suke bakinsa, Malawi da Mozambik da Tanzaniya, a can kuwa ana kiransa Nyasa. Dauda Libinston, likita kuma ɗan mishan, ya iso bakinsa a 1859.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne kifinsa. Babu tafkin da ya kai shi yawan ire-iren kifi a duniya. Dangin karfasa kaɗai, waɗanda masana suke kira sikilid, sun fi iri 700, kusan dukansu kuwa ba a samunsu a ko'ina sai a nan. Mutanen ƙasar suna da sunayensu. Cambo shi ne babban karfasan da ake ci da nsima, tuwonsu na masara. Utaka su ne masu yawo garke garke a tsakiyar ruwa. Mbuna kuwa su ne ƙananan nan masu launi waɗanda suke zama cikin duwatsu. Mafaɗatanmu shida mbuna ne.

GIDAN KIFIN ADO

Kusa da Senga akwai wani gida inda ake tara kifin ado a aika da su ƙasashen waje ta jirgin sama. Abusa ya kai mu. Muka ga tankunan siminti da akwatunan gilashi layi layi, kowane da rubutun sunan kifin da wurin da aka kamo shi. Wani dattijo wanda ya daɗe yana aiki a wurin ya zaga da mu. Muka ba shi labarin akwatinmu. Ya saurara har ƙarshe, bai yi mana dariya ba, sai ya ce, "Abambo, kun ba kura ajiyar nama, kun kuma zuba masu jin zafi da masu jin sanyi a ɗaki ɗaya."

Ya fara da ruwa. Ya ce akwai ma'aunin da ake kira pH, wanda yake nuna ko ruwa yana da tsami ko yana da kanwa. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuwa kanwa-kanwa. Ruwan Tafkin Malawi yana wajen 8, ɗuminsa a sama digiri 24 zuwa 28. Tetra da anjel asalinsu daga kogunan Amazon ne a Amurka ta Kudu, inda ruwa da yawa yake da ɗan tsami, wani ma launinsa kamar shayi saboda ganyen da yake ruɓewa a ciki. Kifin zinariya kuwa na ƙasashen sanyi ne, ya fi jin daɗin ruwan da bai kai ɗumin na sauran ba, ga shi kuma da yawan kashi mai ɓata ruwa. Watau tun kafin a fara cizo, waɗansu daga cikin kifinmu suna cikin wahala, mu kuwa ba mu sani ba.

Sa'an nan ya zo kan baki. Ya ce, "Duk kifin da zai shiga bakin wani, wata rana zai shiga." Oskan da muka saya kamar yatsa biyu, yana girma har ya kai tsawon ƙafa ɗaya. Mai saye yakan duba girman kifi na yau, ya manta da na baɗi.

Muna cikin tafiya sai muka ga wani kifi mai dabbare-dabbare, fari da ƙasa-ƙasa, kwance a gefensa a kan yashi, ba ya motsi. Muka ce, "Baba, ga ɗaya ya mutu." Ya yi murmushi, ya ce mu jira. Can sai gawar ta tashi ta yi iyo abinta. Sunansa kaligono, watau mai barci, masana kuwa sun sa masa sunan Libinston. A tafki haka yake farauta. Yakan kwanta kamar mushe, ƙananan kifi su matso su ɗanɗana, sai ya zabura ya haɗiye ɗaya. Dattijon ya ce mutane sukan gan shi shiru shiru a kanti su ce ai wannan salihi ne, su kai shi cikin ƙananan kifinsu. Ya nuna mana wani kuma, ɗan ƙarami mai kama da sauran mbuna, wanda abincinsa ɓawon jikin 'yan'uwansa ne da gefen fiffikensu. Daga nan muka gane ba a sanin halin kifi ta fuska.

Namu masu ratsin baƙi da rawaya kuwa, da muka kwatanta masa su, ya ce auratus ke nan, suna cikin mbuna mafi zafin rai. Namiji ɗaya yana iya mallake rabin akwati ya hana kowa saƙat.

KABURBURAN KEF MAKILIYA

Kashegari muka nufi kudu, muka bi ta Golomoti zuwa wajen Manki Be, sa'an nan muka ratsa tuddai zuwa ƙauyen Cembe. Wannan wuri shi ne Kef Makiliya. Libinston ne ya sa masa sunan abokinsa Tomas Makiliya, masanin taurari. A 1980 gwamnati ta keɓe tuddan nan da tsibirai da ruwan da yake kewaye da su domin kare kifin, a 1984 kuma UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gadon duniya. Ba a yarda kowa ya kama kifi a gefen duwatsun da aka keɓe ba.

Kafin mu shiga ruwa Abusa ya ce akwai inda ya kamata mu fara zuwa. Ya kai mu gindin wani tudu inda waɗansu 'yan kaburbura suke a ƙarƙashin itatuwa. A nan ne mishan na Libinstoniya ya fara sauka a 1875, shekara biyu bayan rasuwar Libinston. Masu bi na ƙasar Sikotlan ne suka aiko su. Sun zo da jirgin ruwa mai suna Ilala, wanda aka kwance gunduwa gunduwa, ɗaruruwan mutane suka ɗauka a kā suka wuce gangaren Kogin Shire, aka sāke haɗa shi. A cikinsu akwai wani saurayi likita, Robat Los. A shekara ta biye waɗansu masu bishara baƙar fata daga Afirka ta Kudu suka zo taimako.

Wurin yana da kyau ƙwarai, ga mashigin jirgi mai kyau, shi ya sa suka zaɓe shi. Amma zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna. A lokacin ba wanda ya san sauro ne yake kawo shi. Cikin 'yan shekaru suka binne abokan aikinsu, har da Likita Wiliyam Bilak wanda ya rasu a 1877. A 1881 aka yi wa mutum na fari baftisma, Albat Namalambe, a shekarar kuma suka ƙaura arewa zuwa Bandawe. Can ma zazzaɓi bai bar su ba, sai a 1894 suka hau kan dutse a Kondowe, inda Libinstoniya take har yau. Likita Los ya yi aiki a ƙasar fiye da shekara 50.

Muka yi addu'a a wurin, muka gode wa Ubangiji saboda su. Abusa ya ce, "Zuciyarsu mai kyau ce, wurin ma mai kyau ne ga ido, amma jikinsu bai dace da shi ba. Da suka gane, ba su yi taurin kai ba." Maganan nan ta zauna mana a rai, gama mu ma da kyakkyawar niyya muka cika akwatinmu.

A GINDIN TSIBIRIN TUMBI

Da hantsi wani mai jirgi ya kai mu tsibirin Tumbi, wanda ake hange daga ƙauyen. Ya ba mu tabarau na shiga ruwa da bututun numfashi, da rigar da take hana nutsewa, gama mu ba gwanayen iyo ba ne. Muka kifa fuska cikin ruwa.

'Yan'uwa, abin da muka gani ya fi ƙarfin faɗa. Ruwan garau yake, ana ganin manyan duwatsu har ƙasa. Kifi kuwa ɗari bisa ɗari, shuɗi da rawaya da ruwan goro da baƙi, masu ratsi da masu ɗigo, yawancinsu ba su fi tsawon yatsa ba. Da fari sai muka ga kamar kasuwa ce kawai ta cika. Da muka natsu muka daɗe muna kallo, sai tsari ya fara fitowa.

Kowane namiji mai haske yana da ɗan wurinsa, wani rami ko tsagar dutse, yana kewaya shi. In wani namiji irinsa ya matso sai ya buɗe fiffike ya kore shi. Amma korar ba ta da nisa. Da zarar baƙon ya kewaya bayan dutse ya ɓace masa, sai mai gida ya koma bakin ƙofarsa. Mun lura kuma wanda ya fi kora shi ne mai launi irin nasa. Kifin da bai yi kama da shi ba yakan wuce ta gabansa bai kula ba.

Muka duba yadda suke ci. Duwatsun suna lulluɓe da gansakuka, ita ce gonar mbuna. Wani yana da haƙora kamar mataji, yana taje gansakukar ya tsince abin da yake ciki. Wani bakinsa a ƙasa yake, da hanci mai kauri, yana kankare dutse yana tafe. Wani mai tsinin baki yana tsintar ƙananan ƙwari daga tsaga. A can sama utaka suna shawagi suna cin ƙananan halittun da ruwa yake ɗauke da su. A ƙasa kan yashi waɗansu suna ɗiban yashi da baki suna tacewa. Dutse ɗaya ne, amma kowa da cokalinsa, kowa da gefen da yake ci.

Mai jirgin ya nuna mana wata macen kifi a raɓe cikin tsaga, maƙogwaronta a kumbure. Ya ce, "Amayi, goyo take yi." Macen mbuna takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki wajen mako uku, ba ta cin abinci, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su iya iyo. A wannan lokaci ba ta da ƙarfi, tana bukatar maɓoya inda namiji ba zai dame ta ba. Muka tuna da akwatinmu mai dutse biyu tak da furen roba. Wanda aka kora ba shi da inda zai ɓuya, wanda yake kora kuma kullum yana ganinsa. A tafki mbuna suna faɗa, amma ba safai faɗan yake kai ga kisa ba. A wurinmu ya kai, saboda ɗakin da muka gina musu.

A kan hanyar komowa mai jirgin ya yi fito, ya jefa ɗan kifi a ruwa. Wata mikiya mai farin kai ta taso daga itacen tsibirin ta sure shi, ko jiƙa fiffikenta ba ta yi ba.

FITILU A KAN RUWA

Da yamma muka zauna a bakin yashi a Cembe. Mata suna wanke tukwane, yara suna wasa, an shanya usipa, wani ɗan ƙaramin kifi fari, a kan dogayen tebura na kara. Da duhu ya yi masunta suka fita da kwalekwale da fitilu, gama haske yana jawo usipa. Ruwan ya cika da ɗigon wuta har ba ka iya rabe su da taurari. Saboda wannan ake yi wa tafkin kirari da Tafkin Taurari.

A nan Abusa ya ba mu labari biyu. Na fari game da Tumbi ne. A cikin shekarun 1960 wani mai fataucin kifin ado ya saki waɗansu mbuna da ya kawo daga arewacin tafkin a gefen tsibirin. Suka zauna, suka yaɗu, daga baya masana suka tarar har sun yi barbara da 'yan gida. Abin da aka zuba a ruwa ba ya kwasuwa. Don haka kada kowa ya kai kifin akwatin da ya gaji da shi ya zuba a kogi ko madatsar ruwan garinsu. A nemi wanda zai karɓa.

Na biyu game da ciwon tsargiya ne, mai sa fitsarin jini, wanda yake damun ƙauyukan nan. Ƙwayar ciwon tana girma a jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. Akwai kifin da abincinsu katantanwa ne, masu bincike kuwa sun ga cewa inda taru ya rage irin waɗannan kifi a bakin gaɓa, katantanwar ta ƙaru, ciwon ma ya ƙaru. Mu ma da muka komo gida sai da muka je aka duba mu. Duk wanda ya yi wanka a can ya yi haka.

ABIN DA MUKA YI DA MUKA KOMO

Ba mu ɗauko kifi ko ɗaya daga tafkin ba. Mbuna da yawa da ake sayarwa a kantuna yanzu a gidajen kiwo aka haife su. Abin da muka ɗauko shi ne tambayoyi biyar, ga su nan domin duk mai niyyar ajiye kifi a gida, ko a makaranta, ko a asibiti.

1. Wane irin ruwa nake da shi? A auna ruwan gida tukuna, a zaɓi kifin da ya dace da shi. Ya fi sauƙi da a yi ta fama da magunguna ana juya ruwa. Na rijiyar burtsatsen asibitinmu ya nuna kusan 8, watau ya dace da kifin Malawi.

2. Yaya girmansa zai zama nan da shekara biyu, bakinsa kuma zai ɗauki wa?

3. Me yake ci? Mbuna masu cin ganye ne, hanjinsu dogo ne. In ana ba su abinci mai yawan nama da maiƙo, irin wanda oska yake so, cikinsu yakan kumbura su mutu. Kifin da za su zauna tare, ya zama abinci ɗaya zai ishe su.

4. A ina yake zama, sama ko tsakiya ko ƙasa, dutse ko fili? Idan duka masu son rami ne, ramukan su fi kifin yawa.

5. Shi kaɗai yake so ko cikin garke? Tetra da irinsu kada su kasa shida, in ba haka ba tsoro yakan kama su. A wajen mbuna kuwa namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu, domin kada ya matsa wa ɗaya. Kada kuma a haɗa iri biyu masu launi ɗaya.

Muka kwashe akwatin. Wani likita mai nasa akwatin ya karɓi oska, anjel biyun da suka rage suka tafi gidan wata malamar jinya, auratus kuma muka mayar wa mai kanti. Muka zuba yashi, muka fara aza duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin yashin, gama mbuna suna haƙa, dutse yana iya faɗuwa. Muka tara su tsibi uku har kusan rabin tsayin akwatin, da ramuka ko'ina, yadda kifin da yake wannan gefe ba zai hangi na wancan ba.

Sa'an nan muka yi abin da ya fi wuya, watau jira. Kashin kifi yana zama guba a ruwa, ana kiranta amoniya. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, da suke zama cikin matacin ruwa suna karya gubar, amma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Muka bar injin yana aiki, muna ɗan zuba abinci domin ƙwayoyin su samu, muna aunawa. Yara suna ta tambaya, muna cewa ana gyara wa baƙi ɗaki.

Muka zaɓi mbuna iri uku masu sanyin hali, launinsu dabam dabam. Akwai rawaya ƙal mai baƙin gefen fiffike, wanda 'yan kanti suke kira yalo lab, guda goma. Akwai asai, shuɗi mai rawayan wutsiya, wanda ya fi son yawo a sama, guda takwas. Akwai mai launin tsatsa guda shida. A ƙasa muka sa ƙananan kurungu huɗu na ado, dangin wanda muka sani a kogunanmu, gama ƙayarsa da taurin kansa sukan sa mbuna su ƙyale shi. Za ku ce sun yi yawa. Da gangan ne, domin in mbuna suna da dama faɗan yakan rarrabu, ba ya taruwa a kan ɗaya. Amma sai da mataci mai ƙarfi, da canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Mai amfani da ruwan famfo ya sa maganin kashe kulorin tukuna. Saboda ɗaukewar wuta muka sayi ɗan famfon iska mai batir. Kowane sabon kifi kuma yakan yi mako uku a wani ƙaramin akwati mu tabbata ba shi da ciwo, ranar da za a shigar da shi kuwa mukan ɗan juya duwatsu domin kowa ya zama baƙo.

Wanda ruwansa bai kai 7 ba, ko yana son akwati mai shuke-shuke, ya bar mbuna, gama suna tumɓuke shuka. Ya sa garken tetra a tsakiya, da koridoras shida ko fiye a ƙasa, da kiribensis mace da namiji, wani kyakkyawan kifi mai jan ciki wanda asalinsa daga kogunan kudancin Nijeriya da Kamaru ne. A ba su ɗan tulu su shiga. Kowane tsari yana da kyau, haɗa su biyun ne ba ya yiwuwa.

An sallami yarinyan nan kafin mu gama. Da ta komo a duba ƙafarta, ta tsaya gaban gilashin ta ƙirga, ta sāke ƙirgawa. Ta ce, "Mama, ashirin da takwas." Bayan wata uku ta sāke zuwa, ta ƙirga ta sami talatin da uku, gama wata yalo lab ta saki 'ya'yanta, biyar sun tsira cikin tsagar dutse.

DOMIN ADDU'AR IYALI

Har yanzu kifinmu suna korar juna. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma ba wanda ya mutu, domin kowa yana da abincin da ya dace da shi da inda zai raɓe. Littafin Farawa ya nuna mana Allah ne ya cika ruwaye da halittu iri iri, ya kuwa ji daɗinsu. Bai yi su hali ɗaya ba, mu ma bai yi mu hali ɗaya ba. A gida ɗaya akwai mai surutu da mai shiru, akwai mai zafin rai, akwai kuma mai goyo wadda take bukatar a rage mata aiki. Mai gida da uwargida su ne aka ba amanar shirya ɗakin. Yana da kyau su san halin kowane yaro da kowane baƙon da suka ɗauko riƙo, kada ƙarami ya rasa wurin gudu daga babba. Mutum kuwa ya fi kifi, gama shi yana iya tuba, alherin Almasihu kuma yana iya sāke halinsa.

Yau da dare ku karanta Romawa sura 12 tare da yara. Ku tambaye su wane ne a gidan nan ya fi bukatar a ba shi wuri a wannan mako. Ku tuna kuma da 'yan'uwanmu masu bi na bakin Tafkin Malawi cikin addu'a, da masunta, da yaran da suke fama da tsargiya.